Furen da Na Ce Daga Jos Yake

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da yammacin da na zaunar da Gwaggona a inuwar da na fi alfahari da ita a duniya, sannan na ɗauki sanda da hannuna na kaɗo mata bala'i a ka. Yanzu da shekaru suka ja ina iya ba da labarin har in yi dariya. A ranar kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

A 1987 aka kawo ni Lafia ina amarya, daga cikin birnin Kano. Lokacin ma Lafia tana ƙarƙashin Jihar Filato. Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare, ni kuma na samu koyarwa a firamare. Dukkanmu 'yan birni ne da ba su san daji ba (shi in ka nuna masa gero da dawa a gona ka ce ya bambanta, sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani). Muka kama hayar wani ɗan gida a Bukan Sidi, ɗaki biyu da kicin da banɗaki, sai tsakar gida wadda taku goma za ka yi ka ci karo da bango. Katanga ta kewaye ta ko'ina, ga rijiya a kusurwa, sauran duk jar ƙasa ce wadda in an yi ruwa take kama takalmi ta ƙi saki.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata ina 'yar shekara shida. Ba ta da matsala da mijina, nisan ne ba ta so. Ranar da za a taho da ni ta kama hannuna ta ce, "Zan zo in ga inda aka kai ki da idona. In bai yi mini ba, mijinki ya nemi canjin wurin aiki ya dawo da ke." Gwaggo ba ta magana biyu. Ni kuma, abin da ban iya faɗa mata ba, na fara son garin. Ina son aikina, ina son doyarsu, ina son yadda ruwan sama yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Sai na ƙudurta cewa ranar da za ta zo, tsakar gidan nan ce za ta yi mini magana.

Na dage kuwa. Na shimfiɗa tsakuwa daga zaure zuwa ƙofar ɗaki, na bar wa ruwa hanya ya bi ta rariya. Na tattara kwalaben lemo na kikkifa su a ƙasa suka zama iyakar hanya. Na jera duwatsu a gindin katanga na shafa musu farar ƙasa. Na shuka lalle a gefe guda, na'a-na'a a bakin rijiya, ɗoɗɗoya a cikin tsohuwar tayar mota. Maigidan ya kafa mini rumfar gora a tsakiya, ya bugi yatsansa da guduma sau biyu, ya ce shi daga nan ya gama nasa. Abu ɗaya ya rage, abin da zai hau rumfar ya yi inuwa. A kalandar da ke ɗakinmu akwai hoton wani gidan Turawa da fure shuɗi-shuɗi yana reto daga saman ƙofa, nono-nono kamar inabi. Shi nake so, ba wani ba.

Wata rana a ƙarshen damina ina dawowa daga makaranta ta wata 'yar hanya da ke ratsa bayan gari, sai na gan shi. Ya nannaɗe wata bishiya kusa da wani suri, furensa yana reto, launinsa tsakanin shuɗi da ja mai duhu. Na tsaya na saki baki. A raina na ce mutanen garin nan ba su san darajar abu ba, ga fure irin na kalanda an bar shi a daji awaki suna wucewa. Na riƙe wurin a kaina. Da rani aka ƙone dajin, amma ruwan fari yana sauka sai ga 'yan tsirrai sun fito a gindin surin. Na je da cokalin miya da gwangwanayen madara, na waiga hagu na waiga dama, na tono guda uku na ɓoye a jakar littattafaina.

Ban taɓa ganin shuka mai biyayya irin wannan ba. Kafin wata biyu ta haye rumfar, ta rufe ta ruf da ganye uku-uku irin na wake. In na dawo aiki sai in shimfiɗa tabarma a ƙasanta in yi makin littattafan yara, ina jin kaina kamar matar gwamna.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da Iya Lami, wata dattijuwa Bagwandariya, manomiya, wadda ke da gonar doya a hanyar Doma. Tun zuwana take leƙo ni, yau ta miƙo ɗanyar gyaɗa, gobe ta koya mini yadda ake kirɓa sakwara ba gudaji. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "kai" ne (a lokacin nakan yi dariyar haka a ɓoye, Allah ya yafe mini). Tun da na fara aikin tsakar gida take girgiza kai. Ta ce ga ƙasa mai kyau, maimakon kuɓewa da yakuwa na tsaya jera kwalabe. Saboda haka na riga na yanke cewa Iya mutuniyar kirki ce, amma ba ta san ado ba.

Ran nan ta shigo ɗibar ruwa a rijiyarmu, ta tarar da ni da wata abokiyar aikina wadda na gayyato musamman don ta ga lambun. Iya ta ajiye bokiti, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rumfar.

"Malama, wannan abu da ka shuka, ka san shi?"

Na ce fure ne.

"Karara ne fa. A gona gudu shi muke yi. In ya yi 'ya'ya ya bushe, ko iska ya taɓa shi, jiki ba zaman lafiya."

Abokiyar aikina ta juyo ta kalle ni. Minti biyar kafin nan ta gama cewa gidana ya fi na hedimasta kyau. Ta yaya zan buɗe baki in ce a gindin suri na tono shi da cokalin miya? Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Haba Iya, ai wannan daga Jos aka kawo mini irinsa. Na Turawa ne. Kama ce kawai suka yi."

Iya ta kama ganye ɗaya, ta juya bayansa, ta saki. Ta ce, "To. Ni ban je Jos ba." Ta ja ruwanta ta fita.

Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne, kafin mako ya zagayo ni kaina na fara yarda da ƙaryar. Na ce wa raina Iya tana zuguiguita abin ne don ta ga na shuka kuɓewa. Da furen ya fito kuwa, nono-nono yana reto kamar na kalanda, sai na ƙara samun hujja. Abu mai kyau haka zai cutar da wa?

Alamu sun zo, ban karanta ba. Akwai wata Bafillatana mai kawo mana nono, wadda takan zauna a inuwar ta huta. Tunda furen ya kaɗe 'ya'ya suka fito, sai ta koma tsayawa a zaure tana kwaɗa sallama, na yi na yi ta shigo ta ce sauri take. Ni kuma in na yi shara sai in ji wuyana da hannuwana suna ɗan ƙaiƙayi. Na canja sabulu. Na sake canja sabulu. Na zargi ruwan rijiya. Maigidan ya ce nasa ƙaiƙayin sitacin da ake sa wa rigunansa ne. Iya Lami kuwa ta tare a gona wajen haƙar doya, ta yi makonni ba ta gari. Ruwa ya ɗauke, ina ta ban ruwa da na rijiya don ganyen ya zauna kore, 'ya'yan suna can sama suna nuna, sun yi ruwan ƙasa-ƙasa, da laushin gashi a jikinsu kamar karammiski.

A hutun ƙarshen shekara wasiƙa ta zo cewa Gwaggo tana tafe da 'yarta, Yaya Binta. Sun iso da magariba a gajiye, ko kallon tsakar gidan ba su yi ba. Washegari na hana su fitowa sosai, na ce su huta, don ina so su gan ta a lokacin da ta fi kyau. Bayan la'asar na yayyafa ruwa a tsakuwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa, na jera sakwara da miyar agushi da zoɓo mai na'a-na'ar gidana. Sannan na ce su bismilla.

Gwaggo ta fito da farin mayafinta da maficinta na kaba. Ta bi hanyar tsakuwar a hankali, tana duban kwalabe, tana duban lalle. Ta zauna. Ta ci loma uku. Can ta ce, "Ba laifi, 'yar nan. Kin yi ƙoƙari." Wanda ya san Gwaggo ya san wannan kamar an ba ka lambar girma ne. Na ji hawaye yana neman zuwa.

Da na tsaya a nan, da an rabu lafiya.

Ta ɗaga kai ta ce, "Wannan kuma mene ne mai 'ya'ya kamar karammiski?"

Na gyara zama na ce, "Wani fure ne na Turawa, Gwaggo. Daga Jos aka kawo mini. Da kin zo da damina da kin ga ikon Allah."

"To ki ɗebar mini irinsa in kai Kano in sa a bakin rijiya."

Gwaggo da kanta tana roƙon abu daga lambuna. Na miƙe da rawar jiki na ɗauko dogon goran da nake tokare igiyar shanya da shi. Yaya Binta ta ce in bari sai an gama cin abinci, na ce ai yanzu-yanzu ne. Na ɗaga goran na maka wa rumfar. Na sake makawa. 'Ya'yan suka zubo, tare da su kuma wata 'yar ƙura mai laushi ta sauko, tana ƙyalli a hasken yamma kamar garin zinariya. Ta sauka a mayafin Gwaggo, ta sauka a wuyan Yaya Binta, ta sauka a miya, ta sauka a fuskata da na ɗaga sama. Har cewa na yi, "Kun ga kyau ko?"

Daidai nan maigidan ya yi sallama ya shigo gaida surukarsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, kai a sunkuye, ya fara jero gaisuwa. Ina gajiya, ya hanya, ya aka baro mutanen gida. Wajen tambaya ta huɗu na ga kafaɗarsa ta motsa. Ta biyar, wuyansa ya karkace. Gumi ya keto masa, amma ina, ba a susa a gaban suruka. Gwaggo tana amsawa, muryarta tana ƙara siririya. Ta gyara mayafi. Ta sake gyara mayafi. Sai na ga matar da ko tari ba ta yi a gaban suruki ta juya maficinta a hankali ta zura ƙotarsa ta bayan wuya.

Maigidan ya ce, "Bari in leƙa masallaci." An daɗe da yin la'asar, magariba kuma da saura. Ya fita ba takalmi (daga baya ya gaya mini a zaure ya tsaya yana goga bayansa a bango kamar akuya).

Yana fita Yaya Binta ta yi wurgi da ɗankwali ta shiga susa da hannu biyu. Ni a lokacin fuskata ta kama wuta. Ba ƙaiƙayi irin na cizon sauro ba ne, ji za ka yi kamar an watsa maka allurai masu zafi, kana susa suna ƙara nutsewa. Gwaggo ta miƙe tsaye tana salati, tana susar hannu da wuya da ƙeya. Na ruga rijiya na jawo ruwa na sheƙa mana, abin ya bazu har inda bai kai ba da farko. A nan dabarata ta ƙare. Na je jikin katanga na ɗaga murya na kira sunan matar da na ƙaryata.

Allah ya sa kwana biyu ke nan da dawowarta daga gona. Ta leƙo ta zaure, ta dubi rumfa, ta dubi goran da ke yashe, ta dube mu. Ba ta tambayi komai ba.

"Kowa ya bar susa. Kada ka ƙara sa ruwa. Ku fito, kada ka taka tabarma."

Ta tasa mu gaba zuwa gidanta, mata uku 'yan birnin Kano, a jiƙe, muna tafe muna makyarkyata. Ta kori mazan gidan waje, ta sa muka tuɓe kayan ta tura su gefe da sanda, ta ba mu zannuwanta. Ta ɗebo busasshiyar toka a murhu ta murje mu da ita, ta kakkaɓe, sannan ta kawo kwalbar manja ta shafe mu tun daga goshi har yatsun ƙafa. Gwaggo ta fara yi wa, tana yi tana cewa, "Sannu Hajiya, yanzu zai kwanta." Ta aika wa maigidan nasa a kofi. A hankali wutar ta fara lafawa. Muka zauna a tabarmarta jajawur muna ƙyalli, kamar gasasshiyar doya da aka shirya wa baƙi.

Da Gwaggo ta samu numfashi, ta juyo gare ni. Fuskarta ta kumbura, idanunta sun yi ja.

"Wane ne ya kawo miki irin nan daga Jos? Faɗa mini sunansa."

Sai Iya Lami ta ce, tana rufe kwalbar manja ba tare da ta dube ni ba, "Hajiya, ka bar shi. Masu sayar da iri, wani lokaci suna haɗa mai kyau da mara kyau. Ba laifin Malama ba."

Wannan ya fi kararar zafi. Matar da na yi wa ƙarya a gaban baƙuwa, ita ce take ɗinke mini ƙaryar don kada in ji kunya a gaban uwata. Na fashe da kuka, manja yana bin hawaye. Na faɗi komai, surin da cokalin miyan da gwangwanayen madara, da ranar da Iya ta gargaɗe ni na ce mata na Turawa ne.

Iya ta ce, "Ai na sani. Ranar da ka tono shi ina bayanka da kaya a kai, ka duba hagu ka duba dama, ba ka duba baya ba."

Ina jiran faɗan da zai biyo baya, sai na ga kafaɗun Gwaggo suna rawa. Na ɗauka ƙaiƙayin ne ya dawo. Ashe dariya ce. Ta yi ta har ta riƙe ciki, Yaya Binta ta kama, Iya ma ta rufe baki da gefen zane. Da ƙyar Gwaggo ta ce, "Shekara goma sha shida na riƙe ki ban koya miki ƙarya ba. Ga shi nan kuwa, ba ki iya ta ba."

A gidan Iya muka ci tuwon dare, don namu abincin sai zubarwa aka yi. Washegari da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, ita da mijinta suka jiƙa rumfar sharkaf, suka sassare shukar suka cusa a buhu suka kai bayan gari. Tabarmar ta tafi, tsakuwar ma sai da aka kwashe ta aka wanke. Gwaggo ta yi kwana biyar, kuma rabinsu a gidan Iya ta yi su, suna ɓarar gyaɗa suna hira, kowacce da irin Hausarta.

Ranar komawa, a tasha, ina ta jiran hukunci. Sai da ta zauna a mota ta kira ni bakin taga.

"Ki gaya wa mijinki ya yi zamansa. Ni tsorona a kai ki inda in kin faɗi ba mai ɗaga ki. Matar nan kin ƙaryata ta, ta wanke ki, ta kuma rufa miki asiri a gabana. Ko a Kano ban da maƙwabciya irinta. Ki riƙe ta, kuma in ta yi magana ki saurara."

Na ce to, na koma gida da sauran tabo a wuya.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Da alama wanda ya fara faɗin haka bai taɓa yi wa tasa ban ruwa safe da yamma ba. Tawa ta yi fure, ta yi 'ya'ya, ta zubar da iri a kowane lungu na tsakar gidan, sai da na yi damina uku ina tsugune ina tuge jikokinta. Tun daga nan, ko ɗan tsiro na gani a tukunya ban san shi ba, maƙwabta nake fara tambaya kafin in raɗa masa gari.